Zakiyya Mai Wanka da Haƙoran Kufai

A unguwar Fadikpe ta Minna, idan mace ta cika, kafin labari ya kai kunnen liman ya riga ya kai ƙofar gidan Zakiyya. Ita ba ta taɓa cewa kowa wankan gawa take yi ba, mata ne dai suka san hanya. Wata za ta yi sallama a tsakar gida da murya ƙasa-ƙasa, Zakiyya ta dubi fuskarta, ta sauke tukunya daga wuta, ta ɗauki mayafi da 'yar jakarta su fita. Sai a hanya take tambayar gidan wane ne.

Kakanta mutumin Kano ne. Ya biyo masu shimfiɗa layin dogo yana yi musu ɗinki, da aiki ya ƙare kowa ya watse shi ya zauna, ya yi aure, ya zama ɗan Minna. A bayan tashar jirgi aka haifi Zakiyya, a gidan da kwanuka ke rawa a kan teburi duk sa'ad da jirgi ya wuce. Wurin goggonta ta koyi wanka. Da fari buta kawai take riƙewa, daga baya aka bar ta ta zuba ruwa, sai da ta yi haihuwar fari sannan goggon ta matsa gefe ta ce ta sa hannu. Abu biyu tsohuwar ta nace mata a kai. Na farko, hannu ya yi sauƙi, domin wadda ke kwance ba ta da bakin cewa an ji mata ciwo. Na biyu, duk abin da ido ya gani a jikin mamaci, mai kyau ne ko akasinsa, a ɗakin ake barin sa. Zakiyya ta riƙe wannan har ya zame mata jiki. Mijinta ma, Malam Mika'ilu mai gyaran keken ɗinki, ya daɗe da daina tambaya. In ta dawo sai ya ce, "Sannu da aiki," ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi," shi ke nan.

Wanka ba sana'a ba ce a wurinta, ba ta karɓar ko goro. Abincinta a zoɓo da kunun aya yake. Tun da suka dawo Fadikpe, lokacin rabin unguwar gonaki ne, take kai kuloli biyu shuɗɗa bakin titi inda ma'aikata ke jiran keke napep. Kusa da ita Alisabatu ke gasa doya, wata Bagbagyiya mai dariya da dukan jikinta, wadda ta shekara talatin a Minna amma har yau namiji da mace duk ɗaya ne a Hausarta. In an kira Zakiyya wanka, Alisabatu ke tsare mata kula. Ran Lahadi kuwa, in Alisabatu ta makara a coci, Zakiyya ce ke hura mata gawayi. Ba su taɓa zama suka shirya haka ba.

Rayuwa ce mai sauƙin faɗa, kuma Zakiyya ba ta ga abin da ya rage mata ba. 'Ya'ya sun kama gabansu, gida nasu ne ko da yake bangon baya bai ga siminti ba, gwiwarta na damun ta da damina amma tana kai ta inda take so. A shekarar da zazzaɓin Lassa ya tayar da hankali, ma'aikatan lafiya suka tara masu wanka na unguwanni suka koya musu sa safar hannu. Wasu tsofaffin suka yi ta ƙorafi. Zakiyya ta ji daɗin abin, don dama sabulu na tsattsage mata yatsu. Tun daga nan kwalin safa bai rabu da jakarta ba.

Damuwarta ɗaya autarta, Mubina. Yarinyar ta karanta ilmin ƙwayoyin cuta a jami'a, ta yi hidimar ƙasa, ta dawo ta zauna a ɗaki tana tura takardun neman aiki ba amsa. Ta rame, ta zama mai firgita, waya na ƙara sai ta zabura. Da wani malami mai bincike, Dakta Shekwolo, ya ɗauke ta cikin masu taimaka masa na shekara guda, da alkawarin in ta yi ƙoƙari zai nema mata gurbin digiri na biyu, Zakiyya ta dafa shinkafa ta raba wa maƙwabta.

"To, Auta, aikin me ke nan?" ta tambaye ta wata safiya tana tace aya.

"Annoba muke bi, Mama."

"Wacce a ciki? Kwalara ko sanƙarau?"

"Ba su ba. Wata ce ta ɓeraye, ƙuma ke ɗauko ta daga jikinsu ta sa wa mutane. Shekaru ɗaruruwa da suka wuce ta kashe mutane ba iyaka a Masar da Turai. Abin da ba a sani ba, ko ta tsallako hamada ta iso nan. Akwai garuruwa a ƙasashenmu da aka tashi aka bar su a wajen wancan zamanin, ba wanda ya san dalili."

"To wa za ku tambaya? Ai duk sun mutu."

"Haƙoransu." Mubina ta buɗe baki ta ƙwanƙwasa nata da farce. "Cikin kowane haƙori akwai ɗan rami da jini ke shiga. In mutum ya mutu da cutar a jininsa, jinin ya bushe a ciki, kamar an toshe kwalba. Ƙwayar cutar ta mutu, amma tana barin guntayen rubutun halittarta, shi ake kira DNA. In aka same shi a nan, aka gwada da wanda aka samu a wasu ƙasashe, sai a gane ta ina ta biyo."

Malam Mika'ilu, da ke ɗaura igiyar takalmi zai fita, ya ce, "Ni nawa biyu suka rage a baya, ki gaya wa Dakta in yana so mu yi ciniki."

Zakiyya ta yi dariya ta ci gaba da tata. Ta ji bayanin, ya kuma burge ta. Amma a ranta hotuna ta hango a cikin kwamfuta, irin waɗanda Mubina ke kallo kullum. Ba ta kawo haƙori na gaske, wanda za a iya ɗauka da yatsa, a cikin maganar ba.

Ƙarshen damina aikin ya kai su wani ƙauye a bayan garin Kuta. A saman dutsen ƙauyen akwai kufai, tsohon mazaunin kakanni da ba wanda ya san yaushe aka bar shi, kuma ruwan shekarar ya zaftare gefen tudu ya tone wasu tsofaffin kaburbura. Dakta Shekwolo ɗan yankin ne. Ya zauna da dattawa, suka yarda a ɗauki haƙora kaɗan, da sharaɗin in an gama a dawo da su a rufe. Ana tsakiyar aiki labari ya zo cewa an ga 'yan bindiga a kan babura a hanyar da ke bayan dutsen. Suka tattara abin da suka samu suka bi mutanen ƙauyen da gudu zuwa Kuta. Mubina ta bar takalminta ɗaya a can. Ba a taɓa kowa a cikinsu ba, amma ƙauyen ya tashi, kuma ba mai maganar komawa saman dutsen nan kusa.

Ran Juma'a da la'asar suka iso Minna, suka tarar an rufe ofis. Dakta zai wuce Abuja neman izinin fitar da kayan zuwa ɗakin gwaji a ƙasar waje, sai ya damƙa wa Mubina kular da haƙoran ke ciki, ya ce ta ajiye a wuri mai sanyi, mara laima, kada kowa ya buɗe, su haɗu ran Litinin. Da ta shigo gida uwarta ba ta nan, an kira ta wanka a wata unguwa. Ta ajiye kular a ɗakin ajiya, ta gaya wa babanta ya faɗa wa Mama kada a taɓa, ta shiga ɗaki ta kwanta da ƙurar hanya a jikinta. Malam Mika'ilu ya ce to. Da safe ya tafi shago da saƙon a cikinsa.

Kular shuɗiya ce, irin ta zoɓo sak.

Da hantsi Zakiyya ta jawo ta tsakar gida don ta ɗauraye, tana mamakin rashin nauyinta. Ta buɗe, ta ga ƙananan ledoji masu zif a jere cikin auduga, kowace da lamba. Ta ɗaga ɗaya sama wajen haske. Wanda ya yi shekara talatin yana ɗaure haɓar mamata ba ya bukatar a gaya masa haƙorin mutum. Matauni ne, ya yi ruwan ƙasa, jar laka ta cushe tsakanin saiwoyinsa. A leda ta gaba akwai wani ƙarami, na yaro da bai gama famfara ba.

Ta zauna a kan kujerar tsugunno. Nan take ta gane kayan aikin Auta ne, ba ta zargi komai ba. Abin da ya tsaya mata a rai lakar ce. Mutane ne waɗannan, ko abin da ya saura na mutane, sun kwana a gidanta tsakanin buhun aya da jarkar manja, da datti a jikinsu, kuma za a kai su gaban baƙi a haka. Ta yi tunanin yaran sun gudo ne ba su sami sukunin tsabtace su ba. Auta na barci a gajiye. Wannan kuwa aiki ne da ta iya, ta ga ta sami abin da za ta taimaka wa 'yarta da shi.

Ta ɗauko jakarta. Ta sa safar hannu. Ta dafa ruwa ta surka har ya yi daidai da ɗumin jiki, ta murje garin ganyen magarya a ciki kamar yadda ake yi wa kowane mamaci, ta ajiye kafur a gefe don ruwan ƙarshe. Ta yanko ƙyalle fari daga ragowar likkafani ta shimfiɗa a faranti. Ta yi bisimilla. Ɗaya bayan ɗaya ta ɗauke su, don ba a haɗa mutum biyu a wanka: ta fitar, ta wanke a hankali da auduga, ta ɗauraye, ta tsane, ta ɗora a kan ledarsa, ta zubar da ruwan ta sake wani. Ta gama na uku ke nan, tana miƙa hannu ga na huɗu, ta ji ƙarar da ba ta taɓa ji daga bakin 'yarta ba.

"Mama! Mama, tsaya!"

Mubina ta fizge kular ta rufe ta rungume. Ta dubi farantin, haƙora uku suna sheƙi a kan farin ƙyalle. Ta zame ta zauna a ƙasa.

"Lafiya? Laka ce kawai na cire musu."

"Ruwa, Mama. Ba a sa musu ruwa. Ko da hannu ba a taɓa su. Mu da muka tono su sai da muka rufe baki da hanci." Ta nuna kular. "Goma sha ɗaya ne duka. Ba za a iya komawa ba. Mutanen garin ma sun tashi. Ni Dakta ya ba wa, Mama, ni ya ba wa a hannu."

Zakiyya ta dubi hannuwanta cikin farar safa. A rayuwarta an sha gode mata, an sha yi mata kuka a kafaɗa, amma ba a taɓa ce mata ta ɓata wanka ba. A hankali abin ya sauko mata: ba haƙoran kawai ba, shekarar Auta ce a farantin nan, da gurbin karatun, da ɗan naman da yarinyar ta fara mayarwa a kumatu.

Alisabatu, da gidanta ke maƙwabtaka da nasu, ta leƙo jin ihu, da wuƙar fere doya a hannu. Da aka yi mata bayani ta riƙe haɓa.

"Kai, Maman Mubina! Mutum ya mutu tun tuni, kai ka tashe shi ka yi masa wanka?" Ta dubi Mubina a ƙasa, dariyar da ta taho ta koma. "To ba jan kasa ne ba? Ga shi nan bayan gida, irin na Kuta. A shafa masa, a mayar. Wa zai sani?"

Mubina ta ɗago kai, kuma Zakiyya ta ga abin da ke idonta: tana so a yi hakan, tana kuma jin tsoron a yi. Uwar ta tashi ta zagaya bayan gida inda bangon bai ga siminti ba, ta ɓanɓaro jar ƙasa cikin tafinta, ta dawo ta tsuguna gaban farantin. Ta daɗe a tsugune. Ƙaramin haƙorin nan na yaro yana cikin ukun, fes da shi. Hannunta ya ƙi. Ba wani dogon tunani ta yi ba, hannun ne dai bai san yadda ake mayar da datti kan abin da ya wanke ba. Ta watsar da ƙasar gindin bango ta kakkaɓe.

"Mayar da su ledarsu yadda suke. Ran Litinin tare za mu je."

"Mama, korata zai yi."

"Wataƙila. Amma ni na yi, bakina zai ji."

Asabar da Lahadi gidan ya yi tsit. Mubina ta kai kular ɗakinta ta kulle. Malam Mika'ilu, da ya gane saƙon da ya manta ne ya jawo, ya rasa inda zai sa kansa, ya kwance keken ɗinkin gidan da lafiyarsa ƙalau ya yi ta shafa masa mai.

Ofishin Dakta Shekwolo ɗaki ne guda mai fanka da tarin kwalaye. Shi kansa gajere ne, mai furfura a gemu, da tabarau a goshi. Ya ga dattijuwa da mayafi ta biyo Mubina sai ya miƙe ya ba ta kujerarsa.

"Mama, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Lafiya, ba lafiya ba, Dakta. Ɓarna na yi maka, na zo in faɗa da kaina. Yarinyar nan tana barci aka yi."

Ta faɗa masa a taƙaice. Ya sauko da tabarau kan hanci, ya sake mayar da shi goshi. Ya fita waje, suka hango shi ta taga yana tsaye gaban wata bishiyar mangwaro hannu a ƙugu. Mubina ta ƙanƙame gefen teburi. Da ya dawo ya jawo benci ya zauna gaban Zakiyya.

"Mama, zan yi miki tambayoyi, ki ba ni amsa dalla-dalla. Komai ƙanƙantar abu."

Nan abin ya yi wa Zakiyya nauyi. Tunda take, ba ta taɓa fita daga wurin wanka ta ba da labarinsa ba, ko ga mijinta. Ga shi namiji, baƙo, yana neman dalla-dalla. Mubina ta ce, "Mama, don Allah."

"Dakta, mu a aikinmu ba a faɗa. Amma zan raba maka shi biyu. Abin da hannuna ya yi, naka ne, ka tambaya. Abin da idona ya gani a jikinsu, wannan nasu ne."

Ya dube ta ɗan lokaci. "Na yarda. Kin haɗa su a ruwa ɗaya?"

"Subhanallahi. Kowa da ruwansa, kowa ya koma ledarsa."

"Da hannu kika riƙe?"

"Da safa. Sabuwa."

"Ruwan zafi?"

"Mai ɗumi. Wanda za ka yi wa jariri wanka da shi."

"Jiƙa su kika yi ko ɗauraya?"

"Ba a jiƙa mutum, Dakta, ba wake ba ne."

Gefen bakinsa ya motsa. "Sabulu fa?"

"Babu. Magarya dai, sai kafur a ƙarshe."

"Magarya." Ya juya ga Mubina. "Rubuta. Ganye ko gari, daga ina, duk ki rubuta." Ya komo ga uwar. "Akwai wanda kika ga ya tsage a cikinsu? In da tsaga, ruwa ya shiga ciki, in babu, da sauran fata."

"Wannan kuma gani ne. Ga su nan a gabanka, kana da gilashi."

Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda mutum ke yi in abu ya fi ƙarfin fushi. "Mama, kin san kakannina ne waɗannan? Mutanen dutse, ba su san coci ba, ba su san masallaci ba. Sun yi ɗaruruwan shekaru a kwance abinsu, rana ɗaya a Fadikpe kin musuluntar da uku."

"Wanka kawai na yi musu, ban yi musu salla ba. In ka mayar da su ka ba su haƙuri."

Dariyar ba ta hana shi faɗin abin da zai faɗa ba. Ya sa safa ya duba ukun da gilashi, ya ce biyu suna da tsaga. Ya ce laifin farko nasa ne da ya bar kaya irin wannan su kwana a gidan mutane. Amma ya ce wa Mubina, wanda aka ba amana ba ya barin saƙo a bakin wani ya je ya kwanta, ko da ya gaji, ko da ya tsorata. Da ita ya yi niyyar tura kayan ƙasar waje ta ga yadda ake aikin, yanzu wani zai tura. Ukun za su tafi da sauran, a ware, da bayanin duk abin da aka yi musu, kuma ita za ta rubuta bayanin ta sa sunanta. Maganar gurbin karatu kuwa, ya ce a bari sakamako ya dawo tukuna.

Suka hau keke napep suka koma gida.

Jiran ya yi tsawo. Doya sabuwa ta tsufa, zafi ya shigo, kasuwar zoɓo ta buɗe. Mubina na zuwa ofis tana dawowa, tana gaida uwarta yadda ya kamata, amma hirar tatar aya ta mutu. Wani lokaci ƙarar babur a lungu sai ta sa ta saki abin da ke hannunta. In Zakiyya ta gani, sai ta ƙara mata nama a miya. Ita kanta ta ci gaba da abin da ta saba: bakin titi da safe, wanka in an kira, gardama da Alisabatu kan wa ya tura hayaƙi wajen wa. Ba za a ce tana cikin baƙin ciki ba. Abu ɗaya ne dai ke zaune mata a rai, maganar haƙoran nan uku, kuma kowace salla tana ambaton sa.

Ranar da sakamako ya zo, Mubina ba ta jira ta kai gida ba. Ta sauka a bakin titi, ta zo ta zauna a kan bencin uwarta, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"An gama, Mama."

Zakiyya ta rufe kula. "Ina ji."

"Ba a ga annobar ba. Ko a ɗaya. Yawancinsu zafin ƙasarmu ya riga ya cinye abin da ke ciki, ba a sami komai ba. Hakan bai nuna ba ta zo ba, bai kuma nuna ta zo ba. Sai an sake samun wasu."

"Nawa ukun fa?"

"Biyun nan masu tsaga sun lalace. Ruwa ya shiga." Ta dubi uwarta. "Wataƙila da ma babu komai a ciki. Ba wanda zai iya sani."

"Amma dai ruwana ne ya shiga."

"Naki ne." Sai ga murmushi yana neman hanya a fuskar Mubina. "Kin san me suka samu a cikinsu? Magarya. Cike. Matar da ta yi gwajin ta rubuto wa Dakta tana murna, wai ta gano wani abu, ko mutanen dutsen da ganye suke rufe matattunsu, tun da can. Har ta fara lissafin ko alama ce ta cewa musulunci ya iso wurin da wuri. Dakta ya ce mata ta koma ta karanta bayanin da na rubuta."

Alisabatu, da ke juya doya tana kasa kunne, ta buga cinya. "Ka ji! Da mun shafa kasa, da Bature ya rubuta littafi a kan ganyen Maman Mubina!"

Zakiyya ba ta yi dariya ba tukuna. "Dakta fa? Me ya ce a kanki?"

"Ya ce in kawo takarduna. Ya sa sunana a gurbin karatun. Amma ya ce ba zai sake ba ni kula ba sai na yi shekara ina wanke kwalabe."

"Ya yi daidai."

"Na ukun kuma," in ji Mubina, "ƙaramin nan, bai tsage ba, ruwa bai shiga ba. Shi kaɗai a cikin goma sha ɗayan ya ba da abin kirki. Yarinya ce, Mama. Mace."

Zakiyya ta jinjina kai. Ta so ta tambayi me ya kashe ta, sai ta tuna an ce ba a gano ba, ta bar shi. Wani ma'aikaci da jaka a kafaɗa ya tsaya yana neman zoɓo mai sanyi. Kafin ta yunƙura, Mubina ta riga ta buɗe kula ta miƙa masa ƙulli ɗaya na leda, ta kuma zaro wani ta huda da haƙori ta fara sha.

"Wannan na sayarwa ne," in ji uwar.

"Yunwa nake ji, Mama. Tun safe ban ci komai ba."

Zakiyya ta juya wajen maƙwabciyarta. "Alisabatu, yanko mata doya. Wajen da bai ƙone ba."